Mutunci da Mutuwa a Fim ɗin Umar Mukhtar

A shekarar 1981 ne Mustafa Akkad ya fitar da fim ɗinsa kan Umar Mukhtar, malamin Alƙur'ani ɗan ɗariƙar Sanusiyya, wanda ya shafe kusan shekara ashirin yana yaƙar mamayar Italiya a Libiya, har aka rataye shi a Suluƙ ranar 16 ga Satumba, 1931. Ana yawan kallon fim ɗin a matsayin labarin yaƙi, alhali mas'alar da ke zuciyarsa ta ilimin ɗabi'u ce: shin wanda aka zalunta yana da damar ɗaukar halin azzalumi?

Amsar tana wajen da mayaƙan suka kama wani matashin hafsan Italiya. Wasu na neman a kashe shi, tunda haka abokan gaba ke yi wa fursunoninsu. Malamin ya hana, domin bai yarda maƙiyi ya zama abin koyinsa ba. A nan fim ɗin ya raba mutunci da hamiyyar jahiliyya, wadda ke auna daraja da yawan ramuwa. Darasin ma'auni da aka nuna yana koya wa yara tun farko, shi ne ya zartar a fagen fama.

Mutuwarsa ma haka take. Imam Gazali, kamar Ibn Miskawaihi kafinsa, ya sanya jarumta tsakanin tsoro da ganganci. Umar na fim ɗin bai nemi mutuwa ba, bai kuma sayi rayuwa da miƙa wuya ba yayin da Janar Graziani ya titsiye shi. Natsuwar da Anthony Quinn ya nuna a gindin igiya ta fi kowace arangama a fim ɗin nauyi.

Sai dai akwai naƙasu. Gwamnatin Gaddafi, wadda ta kifar da Sarki Idris Sanusi a 1969, ita ta ɗauki nauyin aikin, kuma an rage hasken ɗariƙar da ta reni gwarzon. Mai kallo zai ga kyakkyawan hali, amma ba zai ga zawiyar da ta gina shi ba. Wannan giɓi babba ne, domin a wajen malaman tarbiyya hali ba ya tsira haka kawai. Sai da horo da zama gaban shehi. Ɗalibin da ya kalli fim ɗin ya kamata ya nemi wannan ɓangare a littattafan tarihi.