Masu Jin Muryar Matattu a Fagen Fama

A Amurka da Ingila akwai wani nau'in labari da ya kafu har ya samu littattafansa da shirye-shiryen talabijin da kasuwarsa: labarin mai da'awar jin muryar matattu da ya kai ziyara tsohon fagen fama. Wanda ya karanta biyu ko uku zai gane cewa zubinsu ɗaya ne. Mai labarin, galibi mace, tana taka filin sai sanyi ya rufe ta, warin albarushi ya cika mata hanci, wani ciwo ya soke ta a ƙirji daidai inda harsashi ya sami mamacin. Sai ga wani saurayin soja, bai san ya mutu ba, yana neman rundunarsa ko yana kiran mahaifiyarsa. Ta lallashe shi, ta ce masa yaƙi ya ƙare, ya kama hanya zuwa haske. A nan labarin yake tsayawa.

Kada mai karatu ya haɗa wannan da bori. Ɗan bori iska yake cewa ta hau shi. Waɗannan kuwa cewa suke yi ruhin wane ɗan wane, wanda aka kashe a rana kaza, shi ne yake yi musu magana.

Jin motsi a wurin da aka zubar da jini tsohon zance ne. Marubucin Girka Pausanias ya ce ana jin haniniyar dawakai da daddare a filin Marathon, fiye da shekara 600 bayan yaƙin. A Edgehill ta Ingila, inda aka gwabza a watan Oktoba na 1642, makiyaya sun ce sun ga an sake yaƙin a sararin sama bayan wata biyu. Amma a waɗannan labarai babu ɗan tsakani, babu hira da mamaci. Salon ɗan tsakani na zamani ya samo asali ne daga 1848, lokacin da 'yan matan gidan Fox a Hydesville ta jihar New York suka ce wani ruhi yana amsa musu tambaya da ƙwanƙwasa. Ɗayarsu, Maggie, ta fito a 1888 ta ce da gaɓoɓin yatsun ƙafa suke yin ƙarar. Daga baya ta janye maganarta, kuma ko da ba ta janye ba, aƙidar ta riga ta yi saiwa.

Abin da ya ba ta saiwar shi ne yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, kuma a nan ne ya kamata mutum ya sassauta harshe. Sojoji aƙalla 620,000 ne suka mutu. Da yawansu an tura su rami ɗaya ba suna, ba alama. A Gettysburg kaɗai, cikin kwana uku na farkon Yulin 1863, waɗanda aka kashe da masu rauni da waɗanda suka ɓata ko aka kama sun kai kusan 51,000, a gefen garin da mazaunansa ba su wuce 2,400 ba. Ka ɗauki uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba, ba ta ji kalmarsa ta ƙarshe ba, ba ta san inda aka sa shi ba. Mu da muke wanke mamacinmu, mu sallace shi, mu raka shi makwancinsa, mu zauna karɓar gaisuwa, mun san nauyin abin da aka hana ta. Idan wata ta zo ta ce mata ga ɗanki yana cewa yana cikin salama, wa zai yi mamaki don ta saurara? Ko matar shugaba Lincoln, bayan rasuwar ɗanta Willie a 1862, ta riƙa zama da irin waɗannan mutane.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya maimaita abin da ƙari. A dutsen tunawa na Thiepval a Faransa an rubuta sunaye sama da 72,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Masanin kimiyya Oliver Lodge, wanda aka kashe ɗansa Raymond kusa da Ypres a 1915, ya wallafa littafi a 1916 kan saƙonnin da ya yarda ɗan ya aiko masa ta bakin Gladys Osborne Leonard, kuma littafin ya yi kasuwa ƙwarai. Inda aka sami hawaye haka, 'yan damfara ba sa nisa. Ada Deane ta riƙa fitar da hotunan fuskokin sojoji a cikin hazo a kan taron tunawa na Landan, har jaridar Daily Sketch ta nuna a 1924 cewa wasu fuskokin na 'yan wasa ne masu rai.

Na yau daban ne. Babu sauran uwa ko gwauruwar da ke kukan mamatan Gettysburg. Masu sauraro yanzu 'yan yawon buɗe ido ne. Tun da Mark Nesbitt, tsohon ma'aikacin kula da filin, ya fitar da littafinsa na fatalwoyin Gettysburg a 1991, yawon neman fatalwa da daddare ya zama sana'a a garin: ɗan jagora da fitila, na'urar naɗar murya, tikiti. Labarin da aka haifa don sanyaya zuciyar mai makoki ya koma abin tayar da tsikar jiki.

Ba na cewa duk mai ba da labarin maƙaryaci ne. Wanda ya karanta tarihin wuri, ya shiga cikin duwatsun Devil's Den a filin Gettysburg da magariba yana sauraron motsi, zai ji motsi. Zuciya mai tausayi tana iya ƙaga murya ta kuma gaskata ta. Amma a duba abin da muryar take faɗa. Sunayen da ake ji su ne irin John da William, waɗanda kowace runduna ke da su da dama. Bayanin da ya yi daidai yana nan a allunan da aka kafa a filin. Da ana hira da mamatan nan da gaske, abu mafi amfani da za su faɗa shi ne suna da wurin da aka binne su. Ɗaruruwan kaburbura a maƙabartar sojoji ta Gettysburg har gobe an rubuta musu "ba a san shi ba", bayan dubban zaman hira da aka ce an yi.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da fatalwar ba ta taɓa faɗa. Kullum yaro ne mai kewar gida, ba shi da ra'ayi, bai san abin da ya kai shi filin ba. Alhali a kan bauta aka yi yaƙin basasar nan. Rundunar Kudu da ta shiga Pennsylvania a bazarar 1863 ta kama baƙaƙen fata, har da 'ya'ya waɗanda ba su taɓa bauta ba, ta kora su Kudu. Masaniyar tarihi Tiya Miles ta nuna a littafinta na 2015 yadda yawon fatalwa a Kudancin Amurka yake mayar da azabar bayi abin nishaɗi. A Gettysburg sau da yawa ko ambatonsu ba a yi. An wanke yaƙin daga dalilinsa, an bar baƙin ciki mai daɗin saurare wanda ba ya tuhumar kowa.

A aƙidarmu mamaci yana barzahu, ba ya yawo a fili yana jiran wata baƙuwa ta nuna masa hanya, kuma addu'a muke bin sa da ita. Amma ko da ma'aunin su kansu masu sana'ar aka auna, ta gaza. Sojojin nan sun bar wasiƙu dubu-dubu da hannunsu, suna nan a ɗakunan ajiya, cike da tsoro da fushi da gardama a kan bauta da ƙasa. Wanda ya ce yana girmama su, ya karanta abin da suka rubuta suna raye. Sanya wa mamaci magana a baki, a kuma sayar da tikitin jin ta, cin amanarsa ne.