Mussar Sanyinna ba ta bin lissafin aji

Akwai tambayar da ake yawan ba ɗalibai a darasin gado: baƙar kyanwa da baƙin muzuru sun haifi farin ɗa, me iyayen ke ɗauke da shi? Amsar da ake so ita ce baƙi ne mai rinjaye, kowannensu na ɓoye da fari. Lissafin Mendel na 1866 ba shi da laifi, misalin ne ya karkace.

A kyanwa, fari fat, wanda ke fitowa daga ƙwayar gadon KIT, shi ne mai rinjaye. Ba ya ɓuya. In ɗa ya fito fari fat, ɗaya daga iyayensa fari ne, sai fa zabiya, wadda ba kasafai ake samu ba.

To, je ka Sanyinna. Mussa, kamar yadda ake kiranta can, tana tsallake katanga da dare, muzurai biyu ko uku su bi ta, kuma haihuwa ɗaya na iya haɗa 'ya'yan ubanni daban-daban. Ɗalibi zai rubuta Bb ya ci maki, alhali farin muzurun maƙwabta ne uban.

Da ma da dogon gashi aka yi misalin, don shi ne ke ɓuya. Uwa mai gajeren gashi ta haifi mai dogo? Tabbas tana ɗauke da shi, ko wane ne uban.