Mace a Fagen Fama: Nazarin Tauraruwa a Fim Ɗin Sarraounia

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi yadda aka fito da mace a matsayin mayaƙiya a fim ɗin Sarraounia na Med Hondo, wanda ya fito a 1986, ya kuma ci babbar kyauta a bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987. An gina fim ɗin ne a kan littafin da Abdoulaye Mamani, marubuci ɗan Nijar, ya wallafa da Faransanci a 1980. Labarin kuwa na ƙasar Hausa ne, wato labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, a yankin Dogon Dutsi, wadda jama'arta Azna suka tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, saboda haka kada ɗalibi ya sa ran jin Hausar Arewa a bakin taurarin.

2.0 Ginin Tauraruwa

Ba a musun cewa Aï Keïta, wadda ta fito a matsayin Sarauniya, ta cika fage. Maganarta kaɗan ce, kallonta ya isa umurni. Sai dai abin lura shi ne hanyar da labarin ya bi kafin ya yarda ya damƙa mata baka da kwari. Namiji ne ya raine ta, wato Dawa, shi ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani, kamar yadda ake horar da ɗa namiji. Daga nan sai aka ƙara mata da sarauta da asiri. Ma'ana, sai da aka raba ta da rayuwar sauran matan garinsu sannan ta cancanci yaƙi.

Wannan ba sabon salo ba ne a adabin Hausa. Haka labaran baka suka yi wa Amina ta Zazzau, wadda aka ce ba ta yi zaman aure ba. Karin maganar nan da ke cewa "mace mai kamar maza, kwari ne babu" yabo ne a fili, amma in an duba da kyau, namiji ne ma'auni, kuma makamin ma an ce ba ta da shi. A ganina, a nan ne fim ɗin ya gaza. Ya nuna cewa wata mace guda ta iya yaƙi, bai nuna cewa mata za su iya ba. Bugu da ƙari, da zarar an gama gwabzawa a Lugu, sai labarin ya bi Turawan nan biyu har zuwa lokacin da sojojinsu suka kashe su a watan Yuli na 1899, ita kuwa mai sunan fim ɗin ba a cika ganinta ba sai can ƙarshe.

3.0 Matan da Aka Bari a Gefe

Akwai wasu mata a fim ɗin da mai kallo kan manta da su, wato waɗanda ke tafe da rundunar Faransa, da yawansu kamo su aka yi a garuruwan da aka ƙone. Su ke daka, su ke girki, su ke ɗaukar kaya. Fim ɗin ya bar su a matsayin ganima kawai. Tarihi kuwa ya nuna irin waɗannan mata ba koyaushe suke yin shiru ba, kuma misalin da ya fi fitowa fili ya faru ne a Duwala ta ƙasar Kamaru, shekara biyar da 'yan watanni kafin yaƙin Lugu.

A 1891 Jamusawa suka kafa rundunar 'yan sanda masu ɗauke da bindiga a Kamaru, a cikinta akwai Hausawa, akwai kuma bayi maza da aka sayo tare da mata daga Sarki Behanzin na Dahomi. A watan Disamba na 1893 muƙaddashin gwamna, Leist, ya sa aka tuɓe matan sojojin Dahomi aka zane su da dorina a gaban mazajensu, bisa zargin ƙin aiki. Nan take bore ya tashi, maza da mata suka haɗu suka kame gidan gwamnati, sai da aka kawo jirgin ruwan yaƙi kafin a ci ƙarfinsu. An rataye mazan, an tura matan aikin tilas, shi kuma Leist aka kore shi daga aiki bayan shari'a a Jamus. Waɗannan mata ba su da sarauta, ba su da gidan tsafi, babu maroƙin da ya wasa su. Da Hondo ya ba ɗaya daga cikin matan rundunar Voulet baki ta yi magana, da jigon fim ɗin ya fi haka nauyi.

4.0 Abin da Harshe Ya Adana

Ga ɗalibin harshe, shaidar tana cikin kalmomi. Muna da jarumi da jaruma (ko da yake yau 'yar fim aka fi kira jaruma), muna da ɗan sanda da 'yar sanda, amma kalmar soja ba ta samu tamata da kowa ya yarda da ita ba, sai a ce soja mace. Matar soja kuwa matar aure ce, ba ma'aikaciya ba. Kalmar bariki, wadda asalinta mazaunin sojoji ne, in aka jingina ta ga mace aka ce 'yar bariki, ta zama zagi. Alhali tun 1994 Aderonke Kale ta kai muƙamin manjo janar a sojan Nijeriya, a 2011 kuma Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin mayaƙa. Yarinyar da ta ce za ta shiga soja a Kano ko Maraɗi, da wannan kalma ta bariki za ta fara karo a gida, ba da labarin Sarauniya ba.

Zai yi kyau ɗalibai su gwada wannan a wajen ƙasar Hausa. Unguwar New Bell ta Duwala, wadda ta samo asali daga tashin da Jamusawa suka yi wa mutanen garin daga bakin ruwa dab da yaƙin 1914, ta daɗe da zama mazaunin Hausawa, kuma Hausarsu tana gogayya da Faransanci kullum. A tambayi dattawa da matasan unguwar abin da suke kiran macen da ke sanye da kakin soja, a kuma rubuta amsar kowane rukuni daban.