Mujallun da suka koya wa yara magana da kwamfuta

Duk mai gyaran waya a kasuwar Filinge, wanda ya koyi aikin da kwance-kwance da tambayar na gaba da shi, yana da magabatan da suka cancanci jinjina: masu mujallun kwamfuta na farko.

A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta Amurka ta buga hoton Altair 8800 a bangonta, na'urar da mutum zai saya ya harhaɗa da hannunsa. Wannan fitowar ce ta zaburar da Bill Gates da Paul Allen suka rubuta mata harshen BASIC. Mujallar Byte ta biyo baya a wannan shekarar.

A Faransa kuwa, mujallar Hebdogiciel ce gwanar, daga 1983 zuwa farkon 1987. Kowane mako takan cika shafukanta da manhajojin da masu karatu suka aiko, layi bisa layi, da ƙananan baƙaƙe masu gajiyar da ido. Yaro zai jona kwamfutar Oric ko Thomson TO7 da talabijin ɗin gida, ya danne mujallar da gwiwar hannu, yana kwafa har tsakar dare. Waƙafi ɗaya ya kuɓuce, aiki ya tsaya cik. Sai ya koma yana bin sawun kuskuren kamar makiyayi mai cigiyar akuya, kuma a nan ne ainihin karatun yake. In manhajar ta tashi, sai ya adana ta a kaset, irin dai na sauraren waƙa.

Editocin sun amince wa ƴan makaranta, suka buga aikinsu da sunayensu, har da ladan kuɗi.