Mai Barkwanci da Masu Nazarin Al'adu

A shekarar 1964 Richard Hoggart ya kafa cibiyar nazarin al'adun zamani a Jami'ar Birmingham ta Ingila, domin a ɗauki nishaɗin talakawa da muhimmanci kamar yadda a ke ɗaukar adabin manya. Waɗansu masana, kamar Jim McGuigan a 1992, sun soki mabiyan wannan hanya, cewa duk abin da jama'a su ka ji daɗinsa sai su kira shi bijirewa.

Sukar nan tana da tushe, sai dai ba ta ƙare magana ba. Mai barkwanci da ke tsayawa shi kaɗai gaban taro yakan fara da zolayar kansa, don in ya juya kan manya a ce wasa ne. Ɗan kama ma da wasan ya ke fakewa sa'ad da ya mai da karatun malam zancen tuwo. Amma dabarar takan ci tura: a 1964 kotun New York ta sami Lenny Bruce da laifin batsa. Lalle wajibin mai nazari ne ya gano inda izinin wasa ya tsaya, kafin ya ce bijirewa ce ko neman abinci.