Waƙar Raino da Waƙar Jinya: Da Wane Ma'auni Za Mu Auna Su?

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka fara nazarin waƙar baka ta Hausa a jami'o'inmu, hankalin manazarta ya fi karkata ga makaɗan fada da makaɗan jama'a. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa hanyar nazari a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Irin waɗannan ayyuka su suka koya mana neman turken waƙa da tubalan gininsa, da bin diddigin salo da adon harshe. To amma akwai waƙar da kowane Bahaushe ya fara ji tun bai san kotso ko kalangu ba, wato waƙar raino. Akwai kuma 'yar'uwarta da ake rera wa tsoho ko mara lafiya, wadda za mu kira waƙar jinya. Idan an zo kansu a aji, akan jera ta farko tare da waƙoƙin daka da niƙa da daɓe a wuce, ta biyun kuwa ba kasafai ake ambaton ta ba.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ma'aunin da muke ɗauka ne ya sa muke ganin waɗannan waƙoƙi ba su da nauyi, kuma idan aka auna su da aikin da aka yi su dominsa, za a tarar da fasaha mai zurfi a cikinsu.

2.0 Waƙa Ɗaya, Masu Sauraro Biyu

Wanda ya rubuta waƙar raino a takarda zai ga 'yan kalmomi kaɗan ana ta maimaita su, wasu ma ba su da ma'ana a ƙamus. Idan ya gwada ta da waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo, dole ya ce ta gaza. Kuskuren yana nan ne, domin makaɗin fada yana yi wa mai jin Hausa waƙa, mai raino kuwa tana yi wa wanda bai san kalma ko ɗaya ba. Abin da jariri yake kamawa shi ne karin murya da saurinta ko saiɓinta, da yadda take tafiya daidai da jijjigar da ake yi masa a baya ko bubbuga shi da ake yi a cinya. Saboda haka maimaicin da manazarci ya ɗauka talaucin kalmomi ne, shi ne ginshiƙin waƙar. Jiki shi ne gangar mai raino, zane da majanyi kuma suna cikin kayan aikinta.

Binciken zamani ya ƙarfafa wannan fahimta. A 2019 Samuel Mehr da abokan aikinsa sun buga nazari a mujallar Science a kan waƙa a cikin al'ummomi 315, inda waƙar raino ta fito cikin nau'o'in da suka bazu a duniya. Wani nazarin da ya biyo baya ya nuna jarirai sukan natsu idan suka ji waƙar raino ko da cikin harshen da ba su taɓa ji ba ne. Abin da kakanninmu suka gano a tsakar gida ke nan ba tare da na'ura ba.

To, idan jariri ba ya jin kalmomin, wa ake yi wa su? Ruth Finnegan, a littafinta na 1970 a kan adabin baka na Afirka, ta lura cewa waƙar raino takan ɗauki abin da ke zuciyar mai rera ta. Haka abin yake a gidan Bahaushe. Mace takan rarrashi yaro da alkawarin abin daɗi, ta yi masa kirari da asalin gidansu, a cikin wannan kuma ta saƙa habaici ga kishiya ko ga maigidan da ya yi sakaci da cefane. Yarinyar da aka ɗora wa goyon ƙane alhali ƙawayenta suna dandali, ita ma a nan take fitar da ƙorafinta. Wato murya ta jariri ce, kalmomi na manyan da ke tsakar gida ne. Mawaƙin da ya iya gamsar da masu sauraro iri biyu da baiti ɗaya bai cancanci a raina shi ba.

3.0 Kunya da Wasa

Ba za a fahimci wannan waƙa ba sai an sa ta cikin al'adar da ta haife ta. A littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, an ga yadda kunyar ɗan fari take hana uwa kiran sunan ɗanta ko nuna kulawa da shi a gaban mutane. Wannan giɓi kaka da goggo da yaya suke cikewa, kuma su ne suka fi sakin murya. Tsakanin kaka da jika akwai wasa: namiji mijinta ne, mace kishiyarta ce. Don haka waƙar kaka takan cika da tsokana, ta zargi angon nata da rowa, ko ta ce amaryar ta zo ƙwace mata miji. Duk gida sai a yi dariya, mai jegon da ke fama da wankan ruwan zafi da kunun kanwa ita ma ta murmusa a ɗaki. Ta haka aikin da ke gajiyar da mutum ɗaya yake zama abin nishaɗin gida duka.

Ba mu ce komai na waƙar raino abin yabo ne ba. Tsoratar da yaro da dodo ko kura yana sa shi shiru, amma shirun tsoro daban yake da natsuwa. Haka nan habaicin da yaro ya tashi yana ji a kan abokiyar zaman uwarsa yakan zama irin gaba tsakanin 'yan uba. Aikin mai nazari ne ya faɗi wannan, kamar yadda yake faɗin inda makaɗin fada ya wuce gona da iri wajen zambo.

4.0 Idan Goyo Ya Juya

Rana takan zo wadda ta yi goyo ta koma ita ake ɗagawa, ana yi mata wanka, ana ba ta abinci a baki. A nan kunya takan sake shigowa ta wata fuskar, domin tsohuwa tana jin nauyin a ga tsiraicinta, 'yarta kuma tana jin nauyin ta ba uwarta umarni. Mun ga wannan a gidanmu da wata gwaggonmu da tsufa ya taɓa wa tunani, har ta daina gane 'ya'yanta. Lokacin wanka kullum sai an yi rigima. Wata jikarta ce ta ɓullo da dabara: ta kifa ƙwarya a cikin ruwa tana bugawa irin na amada, tana rera wata waƙar Barmani Choge da tsohuwar take so a zamanin bukukuwansu, tana kiran ta kishiya. Tsohuwar da ba ta tuna abin da ta ci da safe ba sai ga ta tana amshi, har tana gyara wa yarinyar inda ta yi kuskure. Rigimar wanka ba ta ƙare gaba ɗaya ba, amma ta ragu, mai yin wankan kuma ta daina fitowa da hawaye.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan hali. Oliver Sacks ya bayyana a littafinsa Musicophilia na 2007 yadda waƙar da mutum ya sani tun da daɗewa takan wanzu a ƙwaƙwalwa bayan sunaye da fuskoki sun ɓace. Waƙa ba ta warkar da ciwon, kuma ba ta maye gurbin asibiti. Amma mu manazarta adabi akwai abin da ya shafe mu a nan, wato tsarin jagora da amshi. Wannan tsari yana ba kowa gurbi. Mara lafiyar da aka saba yi wa komai, idan ya karɓi amshi ya zama shi ma yana ba da wani abu, gyaran da tsohuwa ta yi wa jikarta kuwa ya mayar mata da girmanta na wadda ta fi sani.

Sharaɗin shi ne zaɓin ya zama na wanda ake jinya. Wani tsohon kalangun Shata yake so, wani kuntigin Ɗanmaraya Jos, wani kuwa ya bar sauraron kiɗa tuntuni, ba abin da ke sanyaya masa rai sai Ishiriniya ko Imfiraji ta Aliyu Namangi. Wanda ya tilasta masa abin da ya ƙi lokacin da yake da ƙarfi ya ci amanarsa.

5.0 Kammalawa

Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015, amma muryoyinsu suna nan a faifai. Mai waƙar raino ba ta da faifai, ranar da ta rasu ta tafi da abinta. Wannan ya fi damun mu da muke zaune nesa da ƙasar Hausa, inda ake haihuwa kaka tana can gida, uwa kuma ta miƙa wa yaro waya ya yi shiru. Waya tana rera waƙa, amma ba ta sassauta murya idan ido ya fara lumshewa, ba ta kuma san sunan kakan yaro balle ta yi masa kirari. Mun sha tambayar ɗalibai a aji su rera waƙar da aka raine su da ita, sai a yi ta kallon juna.

Shawararmu ga ɗalibai ita ce duk wanda ya je hutu ya zauna da tsofaffin gidansu, ko ya leƙa unguwannin Hausawa irin su Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas, ya nemi izini ya ɗauki waɗannan waƙoƙi. Ya rubuta wa ke rerawa, wa ake yi wa, wane aiki ake yi a lokacin, wa kuma ke kusa yana ji, domin ba tare da waɗannan ba kalmomin kawai ya samo. Bayan ya gama rubutawa kuma, ya koyi rera ko da guda ɗaya ce, saboda akwai ranar da za a miƙo masa jariri, ko a ce ga tsohuwa ta ƙi cin abinci.