Jinjina ga Masu Tsara wa Majinyata Abinci

A asibitoci irin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, likita da nas ake yi wa godiya. Da wuya ka ji an ambaci masanin abinci, alhali shi ke zama da mai ciwon suga ya warware masa abin da ya fi damunsa: me zan ci?

Ba a dare ɗaya ake kai wa wannan matsayi ba. Sai mutum ya yi digiri a fannin abinci mai gina jiki, ya ƙara da horon shekara guda a asibitin da aka amince da shi, yana bin gadajen majinyata a ƙarƙashin manya.

Abin da ya fi burge ni shi ne masanan abincin ba sa aika talaka neman abin da babu a kasuwar Keffi. Doya ce, dawa, wake, riɗi da zogale. Za su nuna maka malmalar tuwon da ta dace da kai, su cika kwanon da ganye. Mai hawan jini kuma a tuna masa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne.

Ga yara kuwa, ana zagaya ɗan tef a damtse. In ya gaza santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Nan za ka ga haƙurinsu, suna koya wa uwa haɗa kunun gero da waken suya da gyaɗa ba tare da sun kunyata ta ba.